Saƙon da Ya Ce Katung Ba Ya Tare da Su

Barking, London
18 ga Fabrairu, 2024

Ɗana Katung,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata wannan wasiƙa za ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Ni dai sai gwiwar nan ta hagu, wadda ke tuna mini da kanta duk lokacin da zan hau matakalar tashar jirgi. Maigidana Baba Mordecai lafiyarsa ƙalau. Ƙanwarka Sharon tana ta fama da karatun jami'a, kuma har yanzu in na yi mata Hausa da Turanci take amsa mini.

Ita ce ta buɗe mini wannan email ɗin. Ta ce a China WhatsApp ba ya aiki yadda muka saba, kuma ka gaya mata adireshin wurin aikinka ne kaɗai saƙo ke isa ba tangarɗa. To ga ni ina dannawa da yatsa ɗaya, ka yi haƙuri da kurakurai. Wata uku ke nan rabona da muryarka. Tun da ƙanwata Kasham ta rasu ta bar mini kai, ko lokacin da kake makarantar kwana a Kagoro ni ina nan, ban taɓa yin wata uku ban ji ka ba.

Bari in ba ka labarin da zai sa ka dariya. Baba Mordecai ya canza motar da yake aikin minicab da ita, ya ɗauki ta lantarki, ƙirar China. Ba ta ƙara ko kaɗan. Ranar farko ya kashe ta sau uku yana zaton ba ta tashi ba. Yanzu duk fasinjan da ya shiga sai ya gaya masa batirin motar ɗanmu ne ya haɗa shi a Shenzhen. Na ce masa ba mu san ko kamfaninku ba ne, ya ce ai China ɗaya ce, Katung kuma ɗaya ne. Abokan aikinsa biyu ma sun bi sahunsa, har da Osmanu, mutumin Ghana ɗin nan na Edmonton da ke kawo mana waake, shinkafa da waken ƙasarsu, ranar salla.

Ranar Lahadi na ba da shaida a coci. Na ce marayan da ya tafi karatu China da akwati ɗaya, yau injiniya ne a kamfanin batir. Mata suka yi ta guɗa kamar a gida, har Turawan da ke hayar zauren bayanmu suka leƙo.

Aikina yana nan a gidan kula da tsofaffin nan na Dagenham. An ƙara mini shift ɗin Asabar, amma da sauƙi.

Ka rubuto mini doguwar wasiƙa. Me kake ci? Akwai coci? Mutanen suna da kirki? Kada ka ce mini "komai lafiya" ka tsaya.

Mamanka,
Jemima

Shenzhen
9 ga Maris, 2024

Mama,

Na gaishe ki da kyau, tare da Baba da Sharon. Allah ya sawwaƙe gwiwar. Ki daina hawa matakala da sauri, jirgin District line ba ya ƙarewa, wani na zuwa. Ki yafe mini jinkirin amsa. Na fara rubuta wannan wasiƙa sau huɗu, kullum sai wani aiki ya faɗo.

Ki gaya wa Baba ya ci gaba da ba fasinjojinsa labarin batirin. Ko ba namu ba ne, maƙwabtanmu ne. A nan kusan duk tasi da bas na lantarki ne, titi cike da motoci amma shiru, sai ƙarar taya. Rabon da in riƙe kuɗin takarda na manta. Tsohuwar da ke gasa dankali a bakin layinmu ma wata 'yar alama ce rataye a jikin kekenta, ka haska da waya ka ɗauki dankalinka. Ran nan a wani lambu na ga an yi odar shayi, ƙaramin jirgi marar matuƙi ya sauko da shi daga sama, yara ba su ko ɗaga kai ba. Ni kaɗai na tsaya baki buɗe kamar baƙauye ranar kasuwar Kafanchan.

Abinci shinkafa ce da ganye da kaza, ba laifi. Akwai inda baƙi ke taruwa sujada ranar Lahadi, amma rabona da zuwa tun Kirsimeti, domin Lahadi ce kaɗai ranar barcina.

Kin ce kada in tsaya a "komai lafiya", to ga gaskiya. Muna shiga aiki ƙarfe tara na safe, mu tashi tara na dare, kwana shida a mako. A takarda ba haka dokar take ba, kuma ba wanda ya taɓa ce mini dole. Amma ba mai son ya zama na farko da zai tashi daga kujera. Kamfanonin batir sun yi yawa, kowa yana karya farashi, abin da muka ƙera a watan jiya wani ya fitar da wanda ya fi shi a wannan watan. Kowannenmu yana da ɗan gado mai naɗewa a ƙarƙashin tebur, da rana a kashe fitila a kwanta rabin awa. Mutanen da suka haura shekara talatin da biyar kuwa tsoro ne a idonsu, don sun ce daga nan kamfanoni ke fara ganin mutum ya tsufa.

Matasan nan suna da wata magana, wai "kwanciya a miƙe". Ma'anarta mutum ya daina wannan tseren, ya nemi ɗan abin da zai riƙe shi, ya huta. Abokina Lin, wanda teburinsa ke kusa da nawa, shi ne ya koya mini cin abinci da tsinke da yadda ake faɗa da mai gidan haya, ya ajiye aiki bayan bikin sabuwar shekararsu. Ya koma ƙauyensu. Manajanmu ya ce asara ce. Ranar da ya tafi ya bar mini gadonsa mai naɗewa, ya ce nasa ya fi nawa laushi.

Ban ɓoye miki ba, Mama, ni ma wani lokaci sai in ji ina sha'awar kwanciyar nan. Ƙeyata tana yawan ciwo, kuma da yamma rubutun kwamfuta yakan rabu biyu a idona. Wataƙila rashin barci ne kawai.

Ki gaishe mini da matan coci. Ki rage yawan shaidar nan, kada su zaci na zama gwamna.

Ɗanki,
Katung

Barking
14 ga Maris, 2024

Katung,

Muna lafiya, ina fata kai ma haka. Na karanta wasiƙarka a cikin bas, na sake karantawa a wurin aiki, kuma ban ji daɗin ƙarshenta ba.

Wace irin magana ce kwanciya? Wannan Lin ɗin ɗan ƙasa ne, yana da ƙauye da iyaye da gona a bayansa. In ya kwanta, a kan tabarmar ubansa ya kwanta. Kai baƙo ne, takardar zamanka a jikin aikin nan take. In ka kwanta, a kan me?

Awa goma sha biyu ba sabon abu ba ne a gidanmu. Ni nake yin ta a tsaye, ina ɗaga tsofaffin da suka fi ni nauyi, ina da shekara hamsin da takwas. Uwarka ta yi noman citta ita kaɗai shekara tara bayan rasuwar babanka, ba ta taɓa cewa ta gaji ba har ranar da ta faɗi a gona. Kai kana zaune ne a kujera, cikin sanyin na'ura. Ciwon kai kuwa ka sha ruwa da yawa, ka sha magani, ka koma zuwa sujada.

Yara nawa ne a gida suke neman rabin abin da ka samu? Ka riƙe shi da hannu biyu. Idan ka ajiye aikin nan, ni dai ba ni da abin da zan ce maka.

Ista ta kusa. Sharon za ta yi waƙa a coci, zan sa ta turo maka.

Mamanka,
Jemima

Barking
21 ga Afrilu, 2024

Ɗana,

Ina gaisuwa. Ista ta zo ta wuce, ban ji daga gare ka ba. Sharon ta turo waƙar, ba ka ce komai ba. Baba ya ce aiki ne ya yi maka yawa, in bar ka. Na bar ka mako biyar, ya isa.

In fushi kake yi da ni, ka yi fushin a rubuce. Ko layi ɗaya ne.

Ya kan naka?

Mama

Barking
26 ga Mayu, 2024

Katung ɗana,

Wannan da biro nake rubuta ta, a kan takarda, kuma ban san ko za ta shiga hannunka ba. Zan ba Chundung. Ba ka san ta ba, 'yar Jos ce, muna coci ɗaya, tana da shagon gashi da kayan kwalliya a kusa da kasuwar Barking, kuma takan je Guangzhou saro kaya. Jibi za ta tashi. Ta ce daga can zuwa Shenzhen ba nisa a jirgin ƙasa, za ta je adireshin gidan da ka ba Sharon bara ta ƙwanƙwasa.

Ranar takwas ga wannan wata na sake rubuta maka ta email. Ko minti ɗaya ba a yi ba amsa ta dawo. Na yi murna, na buɗe. Rubutun China ne a sama, a ƙasa kuma layi ɗaya na Turanci da sunanka: "He is no longer with us," wato ba ka tare da su.

Katung, ka san inda nake aiki. Shekara goma sha shida ina jin manaja tana ɗaukar waya ta kira 'ya'yan tsohon da ya cika, kuma da waɗannan kalmomin take gaya musu. Ni kaina na faɗe su da bakina ba sau ɗaya ba. Ina tsaye a kicin ɗin wurin aiki da tiren shayi a hannuna. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Wata abokiyar aikina, Faridatu, ita ta kira Baba ya zo ya ɗauke ni.

Sharon ta karanta, ta sa rubutun Chinan a na'urar fassara, ta ce ma'anarsa ka bar kamfanin ne kawai, haka ofisoshi ke rubutawa. Ta maimaita mini ya fi sau goma. Na ce in haka ne ina kake? Me ya sa wayarka ba ta shiga? Mun kira lambar kamfanin, wata murya ta na'ura ta yi ta magana ba mu ji ko kalma ba.

Washegari ni da Baba muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Charing Cross, muka je ofishin jakadancinmu. Wata mata ta saurare ni har na gama, ta rubuta sunanka da lambar fasfonka, ta ce babu wani mummunan labari da ya iso gare su, kuma irin wannan labarin ba ya ɓuya. Da muka fito muka zauna a bakin dandalin nan mai zakoki. Baba, wanda bai taɓa ɗaga mini murya a kanka ba, ya ce, "Yaro ya ce miki kansa na ciwo, idonsa na rabuwa biyu. Ke da kike auna jinin tsofaffi kullum, me kika ce masa?"

Na san abin da na ce. Na ce ka sha ruwa. Na kawo maka misalin uwarka a matsayin abin koyi, alhali hawan jini ne ya kayar da ita a gonar nan, kuma ita ma da ciwon ƙeya ta fara. Na sani, ni na yi jinyarta ta waya. Ban san abin da ya rufe mini ido ba. Ina jin shaidar da na bayar a coci ce nake karewa, ba kai ba.

In ka bar aikin, ka bari. In korar ka aka yi, an daɗe ana korar mutane. In takardunka sun lalace, za mu san yadda za a yi. Ba na neman injiniya, kai nake nema.

Na ce wa Chundung in ta same ka kada ta yi maka faɗa, ta dube ka da kyau kawai ta gaya mini yadda ta gan ka.

Mamanka da ke jira,
Jemima

Wani ƙauye kusa da Maoming
6 ga Yuni, 2024

Mama,

Ina raye, ina lafiya, ina cin abinci sau uku. Na fara da wannan don ki iya karanta sauran a zaune. Na san Anti Chundung ta riga ta kira ki, amma ina so ki gani da rubutuna. Na gaishe ki, na gaida Baba da Sharon, kuma ina roƙon gafararku duka.

Anti Chundung jaruma ce. Ta je gidan ta tarar da wasu a ɗakina. Ba ta jin yaren, mai gadi ba ya jin Turanci, sai ta zauna a kujerarsa ta nuna masa hotona ta ƙi tashi. Shi ya kira mai gidan, mai gidan ta neme ni ta WeChat, manhajar da kowa ke amfani da ita a nan. Ina kan tsani a gona wayata ta yi ƙara, na ɗauka, sai na ji Hausa: "Kai ne Katung? Uwarka tana can tana mutuwa a tsaye." Ta ɗauki hoton wasiƙarki ta turo mini. A ƙarƙashin bishiya na karanta ta.

Ga abin da ya faru. Ranar ashirin ga Maris, ana cikin taro, na tashi zan yi bayani sai na ga bangon ya karkace. A asibiti na farka. Likita ta ce jinina ya hau inda bai kamata na mai shekara talatin ya kai ba, kuma na yi sa'a da abin ya tsaya a nan. Kwana biyar na yi. Ta tambaye ni ko akwai mai irin wannan a danginmu, na ce mahaifiyata. Ta ce to in zaɓa.

Wasiƙarki ta Maris tana wayata a lokacin, na karanta ta a gadon asibiti ban san sau nawa ba. Inda kika ce in na ajiye aikin ba ki da abin da za ki ce mini, na ɗauka kina nufin kin gama magana da ni ke nan. Da na ajiye aikin a farkon Afrilu aka hana ni shiga email ɗin, layin wayar ma na kamfani ne. Ina da hanyar da zan nemi Sharon, ba zan yi miki ƙarya ba. Kunya ce ta hana ni. Na ce sai na sami abin da zan nuna tukuna. Ban taɓa tunanin na'ura za ta amsa miki a madadina ba, balle da waɗannan kalmomin. Da na karanta wurin tiren shayin nan, Mama, na daɗe ban iya tashi ba.

Lin ne ya zo asibiti. Wani abokin aikinmu ya gaya masa, ya hau jirgi ya zo, ya kwashe kayana ya ce mu tafi gida. Ashe kwanciyar tasa ba kwanciya ba ce. Ƙauyensu duk gonakin wani ɗan itace ne da ake kira lici, mai jan ɓawo, cikinsa fari da zaƙi kamar zuma. Matasa sun tafi birni, tsofaffi ba sa iya feshin bishiyoyi a kan tudu. Shi da wasu abokansa biyu da suka dawo daga birni sun buɗe ƙaramin kamfani, suna feshi da jirage marasa matuƙi, suna kuma sauko da kwandunan lici daga tudu da su. Batiran jiragen ne ke ba su wahala, zafi yana kashe su. Aikina ke nan tun asali. Sun ɗauke ni a rubuce, an mayar da takardar izinin aikina kan sunan kamfaninsu. Ta ɗauki mako bakwai, ranar Litinin ɗin nan ta fito. Ita nake jira in rubuto miki.

Albashin bai kai na da ba, ko kusa. Amma ƙarfe biyar nake ajiye aiki, ina shan maganina, jinin ya sauka.

Mahaifiyar Lin ce ta yi jinyata. Ayi nake kiranta, kamar a ce inna. Ba ta kai kafaɗata ba. Makon farko ta hana ni taɓa waya, ta ɓoye ta a cikin tukunyar shinkafa. Kullum da safe sai ta kawo abin awon jini ta ɗaura mini, ta rubuta lambar a jikin kalanda, in ta ga ta hau ta yi ta faɗa da yaren ƙauyensu wanda ko Lin ya ce ba ya fassaruwa. Ta hana gishiri a gidan gaba ɗaya, mijinta yana ta gunaguni har yau. Da maƙwabta suka fara taruwa kallon baƙin mutum, ta fito da tsintsiya ta ce ɗanta ne na biyu, wanda ya ƙone a rana.

Yanzu lokacin girbi ne. Ayi tana sayar da licinta kai tsaye ta waya, a tsakiyar gona, mutane daga birane suna kallo suna saye, washegari kaya ya isa ƙofarsu. Shekararta sittin da uku, ta fi Lin iya surutu. Ki ce Sharon ta sauke WeChat ta neme ni da lambar da ke ƙasa. Ranar Asabar ƙarfe bakwai na safe agogonku za mu fara, za ki iya kallo.

Ki gaya wa Baba kada ya ƙara yi miki faɗa a kaina. Laifin na raba shi biyu, na ɗauki babban.

Ɗanki,
Katung

Barking
9 ga Yuni, 2024

Ɗana Katung,

Yabo ga Ubangiji. Muna lafiya, lafiyar da rabonmu da ita tun watan Maris. Daren da Chundung ta kira na yi barci har Baba ya taɓa ni ya ji ko ina numfashi.

Jiya mun kalla. Na kira wurin aiki na ce a ba wani shift ɗin, muka zauna mu uku a kan wayar Sharon tun bakwai saura. Ga wata 'yar tsohuwa da malafa tana ɓare abin nan tana turawa gaban kyamara, bakinta bai tsaya ba ko sau ɗaya. Na ce wa Baba wannan da a kasuwar Kafanchan take da ta kori kowa. Muna ta jira, sai ga ka ka wuce ta bayanta da kwando a kafaɗa. Sharon ta yi ihu. Ni kuwa ina duban wuyanka da kumatunka. Ka yi ƙiba kaɗan. Ka yi baƙi. Tafiyarka daidai take, ba ka jan ƙafa, hannu biyun duka suna aiki. Abin da nake dubawa ke nan.

Sai na ga ta juya ta fizge kwandon daga kafaɗarka, ta nuna maka inuwa da yatsa tana faɗa, kai kuma ka tafi ka zauna kamar ɗan yaye. A nan ne na tashi na shiga banɗaki, don ba na son Sharon ta ga fuskata.

Maganar da na rubuta a Maris, ba cewa na yi na gama da kai ba. Nufina ba zan san abin faɗa ba. Amma ko a yadda na nufe ta ba magana ce mai kyau ba, kuma ba ka ɗauki babban laifi ba, ka bar mini kayana. Abu ɗaya kawai: ko me ya faru nan gaba, ko a rami kake, ka fara rubutowa kafin ka nemi abin nunawa.

Yau a coci Fasto ya tambaya ko zan ba da shaida. Na tashi na ce ɗana ya yi ciwo ya warke, yana aiki a gona, na zauna. Guɗar ta fi ta wancan karon.

Ka riƙa turo mini lambobin da ke jikin kalandar nan duk mako, ina so in gani da idona. Ka gaya mini sunan maganin da kake sha.

Sannan ina da roƙo. Ranar Asabar mai zuwa, in ta gama cinikinta, ka ba Ayi wayar. Kafin ranar ka ɗauki muryarka ka turo mini yadda ake godiya da yarensu, a hankali, in yi ta maimaitawa a bas. Ba godiyar da ake yi wa mai shago ba, Sharon ta riga ta koya mini wannan. Wadda mace ke yi wa macen da ta riƙe mata ɗa nake so. In babu irinta a yarensu, ka bar ni da ita kawai, zan yi mata da Hausa. Za ta gane.

Mamanka,
Jemima